Yadda ake warware rigima idan mai gyara ya canza wa agogonka kaya ba da izininka ba

Na daɗe ina gyaran agogo a Damagaram, kuma tun da furfura ta fara yawa abokan sana'a sukan kira ni idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninsu da mai kaya. Ranar Alhamis, da Kasuwar Dole ke cika, mutanen Mirriya da Matamai da Magariya na shigowa karɓar ajiyarsu, a ranar aka fi jin maganar nan: "Ba haka na kawo shi ba." Mutum ya kawo agogon mahaifinsa a wanke inji, ya dawo ya tarar da sabuwar fuska tana ƙyalli. Wani batir kawai ya zo sa wa, sai da ya koma gida ya ji sarƙar ta matse masa hannu. Mai gyara yana ganin alheri ya yi, mai agogo yana ganin an ci amanarsa.

Abin da na gani a zaman sulhu da yawa shi ne, wanda ya fara da neman tsoffin kayan da aka cire yakan tafi da agogonsa cikakke. Wanda ya fara da ɗaga murya yakan tafi da ƴan kuɗi kaɗan, kayan kuma sun bi shara. Saboda haka a kan ceto tsoffin kayan na gina duk bayanin nan.

Kayan da za ka tanada

Salula mai ɗaukar hoto. Ba sai mai tsada ba, in dai tana iya nuna ƙananan rubutun bayan agogo a hasken rana.

Kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Idan ba ka rubutu da boko, ajami ya wadatar. Idan babu ko ɗaya, saƙon murya a WhatsApp yana tsayawa a madadinsu, domin yana ɗauke da rana da lokaci.

Gilashin ƙara girma irin na ido ɗaya da muke maƙalawa. Wanda ba shi da shi ya ɗauki hoto ya buɗa shi da yatsu biyu.

Ƙaramar leda mai rufewa ko fankon ashana, don zuba kayan da aka cire.

Farin ƙyalle ko farar takarda da za a shimfiɗa a tebur, saboda ƙananan kusoshi ba sa ganuwa a kan katako.

Duk wata tsohuwar shaida: rasit, kwalin agogon, hoton biki ko na sallah da agogon ya fito a hannunka ko hannun mahaifinka.

Mutum ɗaya mai sanyin kai da zai raka ka. Kada ka ɗauki ƙanenka mai zafin zuciya.

1. Kafin agogon ya bar hannunka

Wanda rigimarsa ta riga ta faru ya wuce zuwa mataki na 2, amma ya dawo ya karanta wannan don gaba.

Ɗauki hoto huɗu a gaban mai gyaran: fuska, murfin baya, gefen da kan wani yake (ɗan maɓallin da ake murɗawa a cika agogo ko a saita lokaci), da sarƙa a miƙe yadda za a iya ƙirga gaɓoɓinta. Sannan ka ce ya buɗe murfin a gabanka ka ɗauki na biyar, na inji. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan, domin shi ma kariya ce gare shi ranar da wani zai ɗora masa tsohon tabo.

Rubuta lambobin baya. A Seiko za ka ga lambobi kashi biyu. Ɗaya tana da gaɓa biyu, kamar 7S26 ko 7009 ko 6309 sai ɗan layi da wasu lambobi huɗu: gaɓar farko sunan injin ne, ta biyu ta jikin agogon. Ɗayar kuma lambar wannan agogon ce shi kaɗai, yawanci guda 6, ta farko tana nuna ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu wata, da N a madadin Nuwamba da D a madadin Disamba. A Casio lambar injin tana cikin ɗan akwati a murfin baya, misali 593 a F-91W.

Daga nan ka faɗi aikin da kake so, ka kuma faɗi wanda ba ka so. Nan mutane suka fi yin sakaci. Kalmar "a gyara shi ya yi kyau" ita ce uwar rabin rigingimun da na zauna a kansu, domin a kunnen mai gyara izini ce ta goge jiki, canza madubi, canza duk abin da ya tsufa. Ka ce: "Malam, inji kawai za a wanke. Kada a goge jiki, kada a taɓa fuska da hannaye. In ka ga abin da sai an canza, kira ni tukuna, kuma duk abin da ka cire ka ajiye mini." Ka tura masa wannan maganar a saƙon murya kana tsaye a wurin, ya amsa da "to".

Tambaya ta ƙarshe: shi zai yi aikin da hannunsa, ko yaron shago, ko aika shi zai yi Kano? Kano ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, kuma da yawa daga cikinmu can muke samo kaya, can kuma muke tura abin da ya fi ƙarfinmu. Ba laifi ba ne, amma haƙƙinka ne ka sani.

2. Ranar karɓa, kada ka ɗaura ka tafi

Shimfiɗa ƙyallenka, ka fito da hotunan, ka gwada ɗaya bayan ɗaya tun kuɗin suna aljihunka. Wanda ya biya, ya hau kabu-kabu, ya dawo bayan sati biyu, ya ba mai gyara ƙofar cewa wani ne ya buɗe shi a tsakani.

Fara da hannun sakan. Agogon otomatik, wato mai cika kansa da motsin hannu ba da batir ba, irin 7S26, yana bugawa sau 6 a kowace sakan, shi ya sa hannun yake tafiya kamar yana zamewa. Na batir tsalle ɗaya yake yi a sakan. Idan ka kawo mai zamewa ka karɓi mai tsalle, an cire injin gaba ɗaya an sa na batir. Girgiza shi kusa da kunne: a otomatik za ka ji farantin nan mai siffar rabin wata yana juyawa.

Akwai canjin da ya fi wannan ɓoyuwa. Injin 7S26 ba ya karɓar wani da hannu, wato murɗa kan wani ba ya cika shi, kuma hannun sakan ba ya tsayawa idan ka ja kan wani waje. Idan agogonka ya dawo yana karɓar wani, sakan kuma tana tsayawa, an sa masa sabon inji irin NH36 ko 4R36. Inji ne mai kyau, wasu ma sun fi son sa, amma ba naka ba ne, kuma ya kamata a ce an tambaye ka.

Dubi ƙasan fuska, wajen ƙarfe 6, da gilashin ƙara girma. Seiko tana rubuta lambar injin a nan da ƙananan baƙaƙe. Wurare uku ya kamata su yi magana ɗaya: fuska, murfin baya, da jikin injin. A Rado otomatik, ɗan ankan nan, alamar kamfanin mai siffar ƙugiyar jirgin ruwa, da ke ƙarƙashin ƙarfe 12 yana lilo idan ka karkata agogon. In da yana motsi yanzu ya daskare, mai yiwuwa an taɓa fuskar. A Casio F-91W, danna maɓallin dama ka riƙe kamar sakan 3, na asali, in ba tsohon ƙira ba ne, yakan rubuta CASIo a allon.

Sai madubi. Ƙwanƙwasa shi da farce: na roba yana ba da sauti mai taushi, na gilashi mai kaifi. Dubi gefensa ko akwai farin hazo, alamar an manna shi da gam mai saurin kamawa. Ƙirga gaɓoɓin sarƙa. Shafa yatsa a kusurwoyin jiki, in da suna da kaifi yanzu sun zama sumul kamar tsakuwar rafi, an sa shi a injin gogi.

A agogon batir, ka ce a nuna maka batirin da aka sa. Injin Miyota 2035 da ke cikin agoguna da yawa yana cin SR626SW, wanda ake kira 377. Akwai mai araha, LR626, girmansu ɗaya, amma ba ya daɗewa kuma ya fi saurin zubar da ruwa ya ci injin. Dubi injin kansa: na Miyota ƙarfe ne da sunan a jiki.

Gargaɗi ɗaya. Idan agogon otomatik yana gudu ko jinkiri da sakan 20 ko 30 a rana, wannan ba shaidar canji ba ce, haka irin waɗannan injuna suke. Kada ka gina ƙara a kansa.

3. Rarrabe irin canjin kafin ka buɗe baki

Ba kowane canji ne laifi ba, kuma wanda ya haɗa su duka a tukunya ɗaya yakan rasa hujjarsa mai ƙarfi a cikin marasa ƙarfi.

Akwai abin da aikin kansa ke bukata. Zoben roba na murfin baya da na kan wani suna bushewa da zafin Damagaram, su tsage, ruwan alwala da gumi su shiga, ƙurar hunturu ta bi bayansu. Wanda ya wanke inji ya mayar da busasshen zobe bai yi aiki ba. Haka karyayyen zaren ƙarfen da ke riƙe ƙarfin wani. A nan iyakar abin da za ka ce shi ne a nuna maka tsohon.

Akwai canjin da ba ka nema ba amma ana iya mayarwa: madubi, hannaye, fuska, kan wani, sarƙa, har injin kansa, muddin tsohon yana nan. Yawancin rigingimu a nan suke, kuma su ne masu sauƙi idan an yi sauri.

Akwai wanda ba ya komawa har abada, kuma shi ya fi ci mini rai. Gogi yana cin ƙarfe ne, abin da ya tafi ya tafi. Ruwan zinariyar da ke jikin yawancin agoguna bai kai kaurin gashi ba, minti kaɗan a injin gogi sai farin ƙarfe ko tagulla ya leƙo. Na ga agogon da aka ba wani dattijo ranar da ya bar aiki, da sunansa da shekarar a zane a murfin baya, yaron shago ya goge shi tas don ya burge maigidansa. Ɗan dattijon ne ya kawo shi, bai yi faɗa ba, ya dai riƙe agogon yana juya shi a hannu ya kasa magana. Haka fuskar da aka shafa wa fetur ko alkol rubutunta ya narke, ko aka karya ƙafafunta biyu na baya aka manna ta da gam. Tsohuwar fuskar da ta yi launin ƙasa-ƙasa, masu tara agogo ita suke biya da tsada, mai gyaran da bai sani ba kuwa datti yake gani.

Na huɗu shi ne musanya da gangan: a cire injin Japan ko na Suwizalan a sa na roba, a ajiye naka don sayarwa. Wannan cin amana ne. Yana faruwa, amma bai kai yawan yadda masu agogo ke zato ba, don haka kada ka fara da wannan zargin sai hoto ya tsaya maka.

4. Nemi tsoffin kayan a ranar, kafin kowace magana

Teburin mai gyara yana da gwangwani ko aljihun da ake zuba duk abin da aka cire. Daga nan ake tsintar kusa a gyara na wani, daga nan yara ke share abin da ya zube da yamma. Fuskar agogonka da hannayensa suna da kwana ɗaya ko biyu a ciki kafin su karce ko su shiga agogon wani.

Saboda haka haɗiye fushinka, ka ce cikin sanyi: "Baba, tsohuwar fuskar da hannayen fa? Ina son in tafi da su, na gado ne." Kada ka ce me ya sa aka cire. Mutumin da aka tambaya dalili yakan fara kare kansa, wanda aka roƙa ya miƙo abu yakan jawo aljihu ya duba. In ya ce yaro ne ya yi aikin, a kira yaron yanzu. In ya ce a Kano aka yi, ya buga waya a gabanka a ce a ajiye kayan, a ba direban da zai taso gobe.

Abin da aka samo, kada ka kama fuska da yatsa a sama, riƙe ta ta gefe. Nannaɗe ta a takarda mai laushi ita kaɗai, hannaye a wata takardar, sannan cikin fanko. Idan agogon tsoho ne sosai, na kafin shekarun 1960, abin da ke haske da dare a fuskarsa yana iya zama radiyom, sinadari mai cutarwa. Kada a kankare shi, kada a hura shi, a rufe a leda a nisanta da yara.

In an ce kayan sun ɓata, rubuta ranar da abin da aka faɗa maka, a gaban wanda ya raka ka.

5. Magana ta farko, ku biyu

Kada ka yi ta a gaban masu jiran aiki. Mai sana'a da sunansa yake ci, idan ka kira shi ɓarawo a tsakiyar kasuwa ba shi da sauran abin da zai rasa, sai ya tsaya a kan musu ko da ya san bai da gaskiya. Jira bayan azahar da kasuwa ta lafa, ko ka ce ku ɗan koma gefe.

Nuna hoton da, nuna agogon yanzu, ka faɗi bambancin ɗaya bayan ɗaya ba tare da fassara niyyarsa ba. Sannan ka saurara har ya gama. Wani lokaci za ka ji abin da ba ka sani ba: tsatsa ta cinye injin ta yadda wanki ba zai tashe shi ba, ko ƙafar fuskar a karye ya same ta. In haka ne ya nuna maka tsohon, gani ya kori ji.

Daga nan ka faɗi abu ɗaya da kake so, a fili: a mayar da tsohon madubi, ko a nemo inji irin naka, ko a dawo da gaɓoɓi biyu na sarƙa. Ku sa rana. Wanda ya ce "ka san abin da za ka yi" bai nemi komai ba.

Game da kuɗi: biya ladan aikin da ka nema idan an yi shi, ka riƙe kuɗin abin da ba ka nema ba. Idan ka hana duka, ka ba shi hujjar riƙe agogon. Kada kuma ka bar agogon a wurinsa ba tare da sabon hoto da ƴar takarda ba. In zuciyarka ba ta kwanta da hannunsa ba, karɓi agogon da tsoffin kayan, ku yarda cewa wani zai mayar, shi ya biya ladan.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya koma gida ya buɗe murfin da wuƙa don ya tabbatar. Duk karcen da wuƙar ta yi, da ƙurar da ta shiga, sun zama naka, kuma ka rushe shaidarka da hannunka.

6. Ido na biyu

Idan ya musa cewa an canza wani abu, ana bukatar wani mai gyaran ya buɗe. Kada ka tafi kai kaɗai wurin wanda kowa ya san ba sa ga maciji da shi. Ku zaɓi mutum ɗaya da ku biyu kuka yarda da shi, a buɗe a gaban kowa, a karanta lambar injin da ƙarfi, a gwada da hoto. In kana zaune a Birni shi kuma yana Zango ko Sabon Gari, ba komai, wurin wanda aka zaɓa za a haɗu.

Idan ba ka da hoton da, ba a rasa hanya ba. Lambar murfin baya tana faɗin injin da ya kamata a samu a ciki. Hoton biki yana nuna launin fuska da siffar hannaye. Wanda ya taɓa gyara agogon a baya yakan tuna shi, wasunmu ma suna sa ƴar alama da rana a cikin murfi. Amma ka sani hujjarka ta ragu, domin agogon da ya shekara 30 yana yawo mai yiwuwa an canza masa inji tun kafin ya zo hannun wannan.

7. Zaman sulhu da lissafin diyya

Idan ku biyu kun kasa, a kai wa babba a cikin masu sana'ar ko shugaban layin kasuwar. In ba a kasuwa yake ba, mai unguwa ko limamin masallacin da yake salla.

Ƙa'idar da muke zama a kanta tsohuwa ce, duk wanda ya yi karatun zaure ya ji ta. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an ce masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Wato agogon da ya kwana a akwatin mai gyara yana wuyansa, kuma "yaro ne ya yi" ba ta sauke masa nauyi, haka ma "a Kano aka yi". Wanda ka miƙa wa, shi kake bi, shi kuma ya bi wanda ya ba. A ɗaya gefen kuma hadisi ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Shi ya sa na dame ka da hoto tun farko. Ni dai ba na son a kai ga rantsuwa a kan agogo, kuma ban taɓa ganin zumunci ya koma daidai bayanta ba.

Ga yadda nake jera mafita, daga wadda ta fi. A mayar da tsohon abu kyauta. In ya ɓata, mai gyara ya nemo irinsa na asali daga mataccen agogo mai lamba ɗaya, da kuɗinsa. Seiko 5 tun 1963 ake yin ta, gawarwakinta sun cika akwatunanmu, haka Orient mai taurari uku da Citizen. In ba a samu ba, sai a koma ga kuɗi.

Malamanmu na Malikiyya sun raba ɓarna biyu. Ƙarama, mai kaya ya karɓi kayansa a biya shi abin da ya ragu na daraja. Babba wadda ta kashe amfanin abin, mai kaya yana da zaɓi: ya karɓa da cikon, ko ya bar wa mai gyara ya karɓi kuɗinsa na ranar da ya kawo. Don a san cikon, kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya da ya san farashin tsoffin agoguna, a tambaye su a rarrabe: nawa yake kafin, nawa yake yanzu. Misali in sun ce jaka 30 da, yanzu jaka 20, cikon jaka 10 ne. In bakinsu ya bambanta a raba tsakani.

Abu biyu nake roƙon mai agogo a nan. Kada ya kawo farashin sabo a shago, ko wanda ya gani a intanet na ƙasar waje. Kuma ya yarda cewa darajar gado ba ta da farashi a kasuwa, babu dillalin da zai iya ƙiyasta ta. A irin wannan, abin da na ga yana kwantar da zuciya shi ne mai gyara ya buɗe baki ya ce: "Alhaji, na yi kuskure, ban tambaye ka ba, ka yafe mini." Nakan gaya wa abokan sana'ata su faɗi wannan tun kafin a fara lissafi. Mai ƙaramin tebur kuma a sassauta masa ya biya kashi-kashi, kowace Alhamis wani abu.

8. Rubuta abin da aka yarda, ka sake dubawa

Layi biyar sun isa: lambar agogon, abin da za a yi, wanda zai biya, ranar ƙarshe, sunayen shaidu biyu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya ɗauki hoton takardar.

Ranar da aka mayar da kayan, maimaita mataki na 2 daga farko. Ƙara da wannan: juya hannaye zagaye biyu cikakku ka ga ba sa gogar juna ko madubi, kuma kwanan wata yana juyawa kusa da ƙarfe 12 na dare. Kada a ce magana ta ƙare sai agogon ya kwana biyu a hannunka yana tafiya. Otomatik irin 7S26 da ya cika yakan yi kusan awa 40 a ajiye, ka gwada hakan ma.

9. Idan ya ƙi zama, ko ya karya alkawari

Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin waɗannan matsaloli, don haka daga mai unguwa magana tana iya hawa har fadar Sarkin Damagaram, kuma ana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Riƙe ta, za ta yi maka amfani a gaba.

Komisariya, wato ofishin ƴan sanda, wurin wanda aka musanya wa inji da gangan ne, ko aka ƙi ba shi agogonsa, ko aka sayar. Wannan cin amana ne a doka. Tafi da hotuna, saƙon murya, takardar yarjejeniya da mai gyaran da ya buɗe a gaban shaidu. Gogin da ya wuce kima ko madubin da ba ka so ba laifin ɗauri ba ne, maganar diyya ce, wurinta kotu. Kafin ka je ka auna kuɗin zirga-zirga da ranakun da za ka rufe harkarka da darajar agogon.

Kada ka sa hoton mutum da sunansa a Facebook kana kiransa ɓarawo. Ƙara tana iya juyowa kanka a kan ɓata suna, ko da a kan agogon kai ke da gaskiya.

Idan agogon mai tsada ne aka aika waje

Masu Rolex ko Omega ko Rado da ke ba ɗan'uwa ya kai wakilin kamfani a Dubai ko Faransa su san wannan: a wurinsu gogi yana cikin aikin da aka saba yi sai in ka ce ba ka so, kuma sukan canza tsofaffin hannaye da fuska da sababbi, sau da yawa su riƙe tsoffin. Suna ba da takardar ƙiyasi kafin su fara. Wanda ka aika ya turo maka hotonta, a karanta maka layi-layi, ka soke abin da ba ka so a rubuce kafin ya sa hannu. In suka ce ba za su yi aikin ba sai da canjin, ka ce a dawo maka da agogon yadda yake. Idan an riga an yi, rubuta musu nan take da lambar takardar ka nemi tsoffin kayan, kada ka jira ɗan'uwan ya dawo gida bayan wata biyu.

Ga mai koyon sana'ar

Kai kuma da ka fara zama a tebur, tara fankon ashana. Kowane agogo da fankonsa, ka rubuta lambar murfin baya a jiki, duk abin da ka cire ya shiga ciki har mataccen batir da tsagaggen zobe. Ranar karɓa ka miƙa fankon tare da agogon tun ba a tambaye ka ba. Idan ka buɗe ka ga abin da ba a yi magana a kansa ba, ajiye abin aiki, ɗauki hoto, tura wa mai shi, ka jira amsarsa ko da zai kai Alhamis mai zuwa.